Yadda Ake Kula da Dinyoyi a Hunturun Kanada: Ruwa, Makwanci da Tsaro

Shekarar da na fara kiwon dinya a wajen garin Winnipeg, a lardin Manitoba, fargabata duk a kan sanyi take. Mutumin da ya tashi yana kiran hunturun Zariya muku-muku, sai ga shi a inda ma'auni ke sauka zuwa digiri 30 ƙasa da sifili a watan Janairu, ai dole hankalinsa ya tashi. Na riƙa leƙa su ta taga ina cewa yau kam sai dai gawa. Sai in hango su kwance a kan dusar ƙanƙara, kowacce ta cusa baki a ƙarƙashin fiffike, ko a jikinsu. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya tsufa a cikin kiwo, ya ce in bar tausaya musu a kan sanyi, in je in duba bokitinsu. Da na je na tarar ruwan ya zama dutse, kuma ga alama tun hantsi yake haka.

Dinya da rigarta take zuwa duniya. Zafin jikinta yana kai digiri 40 zuwa 41. A ƙarƙashin gashin waje akwai wani lallausan gashi mai riƙe ɗumi, irin wanda ake cusawa cikin manyan rigunan sanyi masu tsada. A gindin wutsiyarta akwai wata 'yar jakar mai, daga nan take lakato man da take shafe gashinta da shi don kada ruwa ya ratsa. Jijiyoyin ƙafarta ma an jera su ta yadda jinin da ke sauka yake ɗumama wanda ke hawa, shi ya sa take tsayawa a kan ƙanƙara ba tare da ɗumin jikinta ya zurare ba. Abubuwan da suke kayar da ita a wannan lokaci uku ne: ƙishi, jiƙaƙƙen makwanci, da namun dajin da yunwa ta koro. A kansu wannan bayani zai tsaya.

Shirin watan Oktoba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar ƙasa ta daskare a watan Nuwamba, ko turke ba za ka iya kafawa ba sai Afrilu. Saboda haka duk wani haƙa da gyara a gama shi tun Oktoba.

Fara da doka, idan sabon shiga ne kai. A cikin birnin Winnipeg ba a yarda da kiwon kaji da dangoginsu a unguwannin zama ba, sai a filayen da aka ware wa noma. Kowace ƙaramar hukuma da tata ƙa'idar, don haka ka tambaya a ofishinsu kafin ka sayi ko da ƙwaya ɗaya.

Sai ka ƙirga garkenka. Kowace dinya tana son fili kamar mita ɗaya tsawo da faɗi a cikin ɗakin kwana. In ɗakin na shida ne kai kuma kana da goma, ka yanka huɗu tun suna da ƙibar kaka. Cunkoso shi ke kawo danshi da faɗa, kuma dinyar da ka ciyar wata biyar da abincin saye ta ci kuɗin da ya fi namanta.

Ka zaga ɗakin da rana, ka shiga ka rufe ƙofa. Duk inda haske ya ratso daga ƙasa zuwa tsayin ƙugunka, toshe shi. Amma can sama kusa da rufi ka bar kafofin iska a buɗe, ka lulluɓe su da ragar waya. Ƙofar kuma ta kalli kudu ko gabas, domin iskar da ke yanka mutum a nan yawanci daga arewa maso yamma take busowa.

Ka sayi karan alkama tun manoma suna da shi a araha. Ka buɗe dami ɗaya ka shinshina kafin ka biya. In ka ji warin hunhuna ko ka ga baƙi-baƙi a ciki, bar musu kayansu, domin ƙurar hunhuna tana shiga huhun dinya ta haifar da ciwon numfashi mai wuyar magani. Ka jera wasu damman a gefen da iska ke bugowa a cikin farfajiyar, su zama katangar fakewa da rana.

Na ƙarshe, ka bi farfajiyar da maganaɗisu ko manjagara ka tsince ƙusa, guntun waya da fasasshen gilashi. Dinya ba ta ganin abu mai ƙyalli ta ƙyale. Dusar ƙanƙara za ta binne su yanzu, ta fito da su lokacin narkewa.

Ruwa, wanda shi ne rabin aikin

Dinya ba ta shan ruwa irin shan kaza. Tana tsoma kai gaba ɗaya, ta fesa ruwa ta kafofin hanci don ta wanke su, ta wanke idanu. Kuma ba ta haɗiye busasshen abinci ba tare da ta kora da ruwa ba. Ka lura da ita tana ci: loma biyu, sai ta nufi bokiti, ta dawo. In babu ruwa a kusa, abincin yana iya shaƙe ta. Irin mazubin nan na kaji mai ɗan siririn baki ba ya mata amfanin komai. Wasu kan ce ai za ta ci dusar ƙanƙara. Tana ci, amma da ɗumin jikinta take narkar da ita, kuma ba ta wanke mata hanci.

Ga yadda nake yi, mataki-mataki.

Mataki na farko, zaɓen mazubi. Ka nemi bokiti ko baho na baƙar roba mai lanƙwasuwa, irin wanda ake shayar da dawaki. Zurfinsa ya isa dinya ta nutsar da kai har wuya. In ruwan ya daskare sai ka kife shi, ka taka gindin, ƙanƙarar ta faɗo guda ɗaya. Busasshiyar roba ta bokitin wanki tsagewa take a satin farko, na fasa uku kafin na yarda. Na ƙarfe kuma yana saurin daskarewa, kuma jiƙaƙƙen harshe ko ƙafa na iya mannewa a jikinsa. Ka mallaki biyu ga kowane wuri: ɗaya yana waje, ɗaya yana cikin gida yana narkewa.

Na biyu, ka hana su shiga ciki. Duk ruwan da dinya ta gani na wanka ne a wurinta. Za ta haye bahon, ta watsar da rabi, ta ƙazantar da sauran. Wata ma takan faɗa bokiti da ka ta kasa fitowa. Ka gicciya katako a bakin mazubin ka ɗaure shi, ka bar wurin da kai da wuya kaɗai za su shiga. Wannan katakon yana kuma rage saurin daskarewa, tunda ya rufe rabin fuskar ruwan.

Na uku, wurin ajiyewa. A waje, inda rana ke bugawa, a bayan damman da ke tare iska, kuma nesa da ƙofar ɗakin kwana da taku biyar ko fiye. Ka ɗora shi a kan katakon dakon kaya ko ka shimfiɗa kara a ƙarƙashi. In ba haka ba, ruwan da suke fantsalawa zai manne bahon da ƙasa, sai ka wayi gari kana dukan sa da gatari. Abinci kuma ya zauna kamar taku biyu ko uku daga ruwan: kusa yadda za su kora, nesa yadda ba za su mayar da shi kunu ba.

Na huɗu, lokaci. In ba ka da wutar lantarki a wurin, sau uku za ka kai ruwa a rana idan sanyi ya tsananta. Ni da lokutan salla nake auna nawa, don ba na mantawa: da safe lokacin buɗe su, bayan Azahar, sai kuma kafin Magariba. A watan Disamba rana tana faɗuwa a nan wajen ƙarfe huɗu da rabi, ba ta fitowa sai bayan takwas, wato dare ya kusa awa goma sha shida. Hakan ya yi tsawo ga tsuntsuwar da ba ta sha ba. Shi ya sa bayan Isha nake shiga da bokiti ɗaya, in tsaya minti goma su sha, in fita da abina. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi, wanda za ka iya yin alwala da shi ba ka janye hannu ba. Tafasasshe yana ƙona su, don ba sa jira ya huce.

Kowace dinya tana shan abin da ya kai lita guda a rana, amma abin da take zubarwa ya fi haka. Bokiti mai lita 19 yana ishen shida daga safe zuwa Azahar. Kada ka ɗauko ruwa a hannu kana tafiya a kan santsi. Ka zuba a jarka mai murfi, ka ɗora a kan abin zamiyar yara na roba, ka ja da igiya. Uwargida ce ta kawo wannan dabara bayan na sha ƙasa da bokiti biyu a hannu, wandona ya sandare kafin in kai ƙofar gida.

Mesar ban-ruwa kuwa ka naɗe ta tun Oktoba, ka tsiyaye ta, ka rufe famfon waje daga cikin gida. Sanyi a nan yana ratsa ƙasa fiye da mita biyu a shekara mai tsanani. A hunturun 2013 zuwa 2014 bututun ruwan gidaje da yawa a Winnipeg sun daskare a ƙarƙashin ƙasa, balle mesar da ke kwance a fili.

Na biyar, in kana da wuta. Ana sayar da bokiti mai ɗumama kansa a shagunan kayan gona. Yana kunna kansa in ruwa ya kusa daskarewa, ya kashe in ya yi ɗumi. Ga mai fita aiki tun safe sai dare, wannan ba almubazzaranci ba ne, dole ce. Amma akwai sharuɗɗa uku da ba a sassautawa. Soket ɗin ya zama irin mai yanke wuta da kansa in ruwa ya taɓa, wanda ake kira GFCI. Wayar ta zama wadda aka yi don waje da sanyi. Sannan a zura ta cikin bututun roba mai tauri ko na ƙarfe tun daga bokiti har inda bakinsu ba ya kaiwa. Bakin dinya da harshenta suna da ƙananan tsini kamar zarto, kuma tana son tauna duk abin da ya yi kama da igiya. Mahaɗar wayoyi biyu a ɗaga ta daga ƙasa, a sa ta cikin akwatin roba mai murfi. Kuma ko da kana da wannan bokiti, kada ka jefar da na baƙar roba, domin ranar da guguwar ƙanƙara ta ɗauke wuta shi za ka koma wa.

Akwai dabarun da ke yawo a intanet. Wasu na cewa a jefa kwalbar ruwan gishiri a cikin baho, wasu ƙananan ƙwallaye don iska ta riƙa motsa ruwan. Na gwada duka biyun. A sanyin da bai wuce digiri biyu ko uku ƙasa da sifili ba suna ɗan jinkirtawa. A Janairun Manitoba kuwa sai ka tarar da kwalbar a daskare a tsakiyar ƙanƙara kamar an yi ado da ita. Wadda ta fi amfani ita ce tsohuwar taya: ka cusa kara a cikinta dam, ka zaunar da bokitin a tsakiya. Baƙin tayar yana zuƙar rana, karan yana riƙe ɗumi, kuma ba sa iya kifar da bokitin. Tana ƙara maka awa ɗaya ko biyu.

Na shida, inda za ka zubar da tsohon ruwa. Wannan ne mutane ke rainawa. Duk abin da ka zubar yau yana nan har Afrilu. Ka zaɓi gangare ɗaya can gefe, nesa da hanyarka da tasu, ka riƙa tara dunƙulen ƙanƙarar a can. Ka tuna kuma cewa ranar narkewa wannan tudu zai zama rafi, don haka kada ya kasance sama da ɗakin kwana.

Wanka

Dinyar da ta daɗe ba ta yi wanka ba gashinta yakan yi dauɗa, ya daina korar ruwa, ya daina riƙe ɗumi. Don haka wanka yana cikin kariyar sanyi. Ƙa'idata ita ce ranar da rana ta fito, iska ta kwanta, ma'auni bai sauka ƙasa da digiri biyar ƙasa da sifili ba, sai in cika musu babban baho da hantsi. Minti ashirin ya isa. Sai in zubar, in shimfiɗa busasshen kara a gefe inda za su tsaya su gyara gashi. Kada ka ba su wanka da yamma, don kada su shiga dare da sauran laima. In sati biyu sun wuce ba a samu rana mai sauƙi ba, kada ka damu. Muddin suna tsoma kai a bokiti, za su riƙa watsa wa bayansu ruwa suna gyarawa da shi.

In kana da kududdufi a fili, killace shi. Ƙanƙarar bakinsa takan karye da tsuntsu ya kasa hawowa, kuma da ya daskare ya zama titi ga duk dabbar da ruwa ke tarewa a da.

Makwanci

Ruwan da ya raya su da rana shi ke cutar da su da dare. Kada bokiti ya kwana a ɗaki, kuma tunda babu ruwa, kada abinci ma ya kwana. Numfashinsu da kashinsu kaɗai sun isa su cika ɗaki da tururi. In tururin bai samu mafita ta sama ba, sai ya sauko ya kwanta a kan ƙafa da baki ya daskare. Yawancin ƙunar sanyi daga nan take zuwa, daga ɗakin da aka toshe ko'ina saboda tausayi. Gwajin mai sauƙi ne: da safe ka ɗaga kai ka dubi rufin ta ciki. In ka ga farin raɓa ya daskare a jiki, ko ka ji zarni yana hawa maka ido, ƙara kafar iska.

Ka fara da shimfiɗar dusar katako a ƙasa, ka ɗora kara mai kaurin taƙi ɗaya ko fiye. Kullum da safe ka kwashe inda ya jiƙe ko ya daskare da kashi, ka watsa sabo a kai. Shimfiɗar za ta riƙa tashi har ƙarshen hunturu, kuma hakan ake so, domin ita ke raba cikinsu da daskararriyar ƙasa. Ka durƙusa a kai da gwiwa ka gani. In wandonka ya jiƙe, su ma haka suka kwana.

Fitilar ɗumama kuwa ba na sa ta, kuma ba na ba kowa shawarar sa ta. Ƙwan fitila mai zafi a saman busasshen kara, a ɗakin da tsuntsu mai faɗin fiffike ke bazawa, gobara ce ke jiran ranarta. Kuma dinyar da ta saba da ɗumin fitila ita ke shan wahala ranar da wuta ta ɗauke.

Ko ana tsananin sanyi ka buɗe musu ƙofa da safe, su zaɓa da kansu. Ka share musu fili da shebur, ka watsa kara su samu wurin kwanciya. Ranar guguwa ce kawai nake barin su a ciki, in kai ruwa sau uku ina tsayawa a kansu.

Abinci

Dinya makiyayiya ce, ciyawa ce abincinta na asali, kuma daga Nuwamba babu ita. Ka ba su haɗaɗɗen abincin agwagi da dinyoyi na manya, mai sinadarin gina jiki kashi 14 zuwa 16 cikin ɗari, safe da yamma. Abincin kaji masu ƙwai yana da sinadarin ƙashi da ya yi wa toro, wato namijin dinya, yawa, ka ajiye shi sai lokacin saka ƙwai. Alkama kuma zuba ta nake a gindin bokitin ruwa: suna ci suna kora, ɓera da tsuntsayen waje ba sa samu. Da yamma in sanyi ya yi tsanani a ƙara ɗan barzajjen masara, amma da hannu mai tsumulmula, domin dinyar da ta yi kitse da yawa ba ta ƙwan kirki.

Su samu ganye ko yaya. Kabeji guda a rataye da igiya yana ɗauke musu hankali rabin yini, ya rage tsangwamar juna. Ɓawon karas, latas da ya fara yaushi, tuffa da aka yanka, duk suna so. Ingirici mai laushi da ganye ma suna ci, amma dogo mai tauri yana iya dunƙulewa ya toshe su. Burodi ciko ne kawai. Abin da ya yi hunhuna kuwa a zubar.

Kada ka manta da tsakuwa. Da ita ƙundu ke niƙa hatsi, kuma ƙasar da suke tsinta a ciki tana ƙarƙashin ƙanƙara. Ka ajiye kwano ɗaya na ƙananan tsakuwa da yashi a inda dusa ba ta rufe shi.

Masu zuwa da dare

Mutane na cewa dinya maigadi ce. Gaskiya tana da kururuwa, kuma toro yakan kori baƙo har bakin mota. Amma kururuwa ba ta hana kayoti, wani ɗan'uwan dila da ya fi shi girma, ɗaukar ta. Akwai kuma yanyawar nan mai jan gashi, da karnukan maƙwabta. Akwai mink da dangoginsa, masu siffar tunku, waɗanda ƙananansu ke ratsa ramin da bai wuce faɗin babban yatsa ba, su kashe tsuntsun da ya ninka su girma. Akwai wata ƙatuwar mujiya mai gashin kai kamar ƙaho, mai farauta da almuru. Rakun, wata dabba mai girman ƙaramin kare da baƙin zane a idanu, yakan lafa a tsakiyar hunturu, amma da an ɗan samu sauƙi yake fitowa, kuma yana buɗe sakata da hannu kamar yaro.

Maganinsu na farko shi ne kulle kafin duhu, kullum, ba fashi. Ka saba musu da kira ɗaya da ɗan hatsi a hannu, za su riƙa shiga da kansu. Sakata ta zama mai mataki biyu ko a sa mata kwaɗo. Kowace kafa a rufe ta da ragar waya mai ido ƙanana, kamar santimita ɗaya da 'yan kai. Ragar kaji ta gama-gari kaji kawai take tsarewa, kare yana yaga ta.

Abu biyu ne hunturu ke canzawa da ba kowa ke lura ba. Iska tana tara dusar ƙanƙara a jikin shinge har ta yi tauri, sai shingen da ya kai ƙirjinka ya koma iya gwiwa. Ka riƙa sharewa ciki da waje bayan kowace guguwa. Shingen lantarki kuma yana rauni, domin dabbar da ke tsaye a kan busasshiyar dusa ba ta taɓa ƙasa, wutar ba ta kama ta sosai. Amma dusar tana da nata alheri: kowace safiya tana nuna maka sawun duk wanda ya zo. Ka zaga ɗakin kafin ka buɗe. In ka ga sawu ya tsaya a wata kusurwa an yi tono, a ranar za ka gyara wurin, don mai sawun zai dawo.

Akwai haɗarin da mu ne ke kawo shi. Gishirin narkar da ƙanƙara da ake watsawa a hanya yana cin tafin ƙafarsu, in sun sha ruwansa kuma ya zama guba. A inda suke bi ka yi amfani da yashi ko kara. Ruwan hana injin mota daskarewa yana da zaƙi, kuma kaɗan ne ke kisa, don haka kada su kusanci inda ake ajiye mota. Santsi shi ma yana gurɗa ƙafar dinya mai nauyi, musamman in an kore ta da gudu.

Sai murar tsuntsaye. Mu 'yan Arewa mun san ta tun 2006 da ta ɓulla a wata gonar kaji a jihar Kaduna. Nau'in H5N1 ya shigo Kanada a ƙarshen 2021, ya iso Manitoba a 2022. Dinyoyin daji ne da agwagi ke yawo da ita, kuma lardin nan kan hanyarsu yake: dubbai ke sauka a fadamar Oak Hammock da ke arewa da Winnipeg lokacin ƙaura. Haɗarin ya fi yawa a farkon hunturu da ƙarshensa. A waɗannan lokutan ka ajiye abinci da ruwa a ƙarƙashin rumfa, ka ware takalmi ɗaya na shiga wurinsu kawai. In ka ga mutuwar farat ɗaya, kumburin kai, ko wuya yana murɗewa, kada ka taɓa da hannu tsirara, kada ka yanka. Kira likitan dabbobi ko CFIA, hukumar Kanada mai kula da lafiyar abinci da dabbobi, domin doka ta wajabta a sanar.

Duba ƙafa da goshi

Sau ɗaya a sati ka kama kowacce ka duba. Nau'in Emden farare da Tulus masu ruwan toka, waɗanda asalinsu Jamus da Faransa ne, ba su cika ba da matsala ba. Masu ƙullutu a goshi, wato na Sin da waɗanda ake kira na Afirka, su ne abin lura, don ƙullutun tsirara yake. Sunan nan na Afirka ma suna ne kawai, asalinsu daga dinyar dajin gabashin Asiya ne. Masu murɗaɗɗen gashi da ake kira Sebastofol kuwa gashinsu ba ya tare iska da ruwa kamar na sauran, su a riƙa shigar da su da wuri.

Alamar ƙunar sanyi ita ce wuri ya yi fari-fari ko ya kumbura, daga baya ya yi baƙi. A baƙin ƙullutu kuma sai ka ga tabo mai launin ruwan goro. Dinyar da ke ɗingishi, ko ta kwanta ta ƙi tashi alhali sauran sun tafi ci, ɗauke ta zuwa gareji ko wani ɗaki mai ɗan ɗumi. Ka tsoma ƙafar a ruwa mai ɗumin jiki na minti goma sha biyar zuwa ashirin. Kada ka murza, kada ka kanga ta a wuta, kada ka yanke inda ya yi baƙi. Kada kuma ka mayar da ita waje ƙafar ta sake daskarewa, wannan ya fi na farko ɓarna. In wurin ya fashe ko ya fara wari, aikin likita ne. Ka haɗa ta da abokiya ɗaya a inda ka ware ta, domin dinya ita kaɗai takan ƙi cin abinci.

Yayin da take hannunka ka shafa ƙashin ƙirjinta. Gashi yana ɓoye rama. In ƙashin ya fito kamar wuƙa, ana hana ta ci ne ko ba ta da lafiya, sai ka ƙara mazubin abinci na biyu nesa da na farko.

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris za ka ga toro ya fara huci yana miƙa wuya, matan suna tattara kara a kusurwa. Saka ta zo, alhali sanyi bai tafi ba. Ƙwan da ya kwana a waje daskarewa yake ya tsage, don haka ka riƙa tona karan kusurwoyi safe da yamma, domin rufe shi suke. A lokacin ne za ka koma abincin masu ƙwai, ka ajiye musu dakakken ɓawon kawa a kwano daban. A lokacin ne kuma za ka ɗauki shebur ka yanka wa tudun ƙanƙarar nan da ka tara hanya zuwa gangare, tun kafin rana ta fara aikinta.